Konami: Kamfanin da bai taɓa nisa da ramin jefa tsaba ba

A gidan gem ɗin unguwarmu, wani ɗan shago mai talabijin uku da benci biyu da fanka ɗaya, akwai dokar da ba wanda ya rubuta amma kowa ya san ta. In ka ɗauki Najeriya a Winning Eleven, wasan ƙwallon ƙafa na bidiyo, abokin karawarka zai ce maka, "Ban da Babangida." Tijani Babangida ake nufi, ɗan Kaduna, wanda ya ciwo zinare da tawagar Najeriya a gasar Olamfik ta 1996 a Atlanta, ya kuma buga wa Ajax ta ƙasar Holan. Waɗanda suka ƙera wasan a Tokyo sun ba shi gudun da ya wuce misali. Ka miƙa masa ƙwallo a gefen dama, ka danne maɓallin gudu, mai tsaron baya sai dai ya bi ƙeyarsa da kallo. Har gobe sunansa na bakin tsofaffin 'yan wasan a ƙasashen Asiya saboda wannan faifan.

Mai shagon, wanda duk muke ce wa Yaya, ba talabijin yake kallo ba. Agogo yake kallo. Ana tsakiyar gumurzu sai ya ɗaga murya: "Ƙanena, lokaci ya cika, miƙa wa na bayanka." Ka ce, "Haba Yaya, a bari mu ƙarasa mana, kunnen doki muke." Ya ce, "Kawo na wani zagayen sai ku ƙarasa." A wancan lokacin haushinsa muke ji. Sai da na girma na bi diddigin tarihin kamfanin da sunansa ke bayyana a allo kafin a take wasa, wato Konami, sannan na gane Yaya ya fi mu sanin sana'ar kamfanin. Mu ƙwallo muke gani. Shi da Konami zagaye suke ƙirgawa.

Abin da ya sa na tono zancen shi ne wani abu da ke ɗaure wa mutane kai. A 2015 masu sha'awar wasannin bidiyo a faɗin duniya sun yanke ƙauna daga Konami, suka ce ya ci amanar masu ƙirƙira, ya watsar da manyan wasanninsa, ya kama hanyar mutuwa. Bayan shekara goma, a shekarar kuɗin da ta ƙare a watan Maris na 2025, kamfanin ya ba da rahoton cinikin da ya haura yen biliyan 400, wanda bai taɓa kaiwa ba a baya. Duka maganganun biyu akwai gaskiya a cikinsu, kuma ba za a gane yadda suka haɗu ba sai an koma tushe.

Ranar 21 ga Maris 1969 wani matashi mai suna Kagemasa Kozuki ya buɗe sana'a a garin Toyonaka da ke yankin Osaka. Ba ruwansa da wasan bidiyo, don a lokacin babu shi a kasuwa. Haya da gyaran akwatin kiɗa yake yi, irin wanda ake girkewa a gidajen cin abinci da wuraren hira: mutum ya jefa tsaba, ya zaɓi waƙa, faifai ya juya minti uku ya tsaya. Mai son ƙari ya ƙara jefawa. A 1973 aka yi wa sana'ar rajista da sunan Konami, wanda aka haɗa daga farkon sunayen Kozuki da abokan aikinsa biyu, Nakama da Miyasako. A lura da yanayin wannan sana'ar, domin shi ne zaren da ya ɗinke duk labarin. Ba sayar da kaya ake yi sau ɗaya a rabu ba. Na'ura ce ke zaune a shagon wani tana tsintar ƙananan kuɗi kullum, a zo a buɗe a raba da mai shago. Mai irin wannan sana'a ba ya tambayar ko waƙar ta yi daɗi. Tambayarsa ita ce sau nawa hannu ya koma aljihu.

A 1978 kamfanin Taito ya fitar da Space Invaders, Japan ta ɗauka, shaguna suka cika da na'urorin wasa masu cin tsaba. Ga wanda ya saba da akwatin kiɗa, wannan gida ne ya koma, sai dai kiɗan ya zama harbi. Konami ya shiga da ƙarfi. A 1981 ya fitar da Scramble da Frogger. Scramble ya bar tarihi har a kotu: kamfanin Stern, wanda ya karɓi izinin sayar da shi a Amurka, ya kai ƙarar masu kwaikwayonsa, kuma a 1982 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da cewa hotuna da sautin da ke fitowa a allon wasan bidiyo suna da haƙƙin mallaka kamar sauran ayyukan fasaha. Daga nan sai Track & Field a 1983, wanda ake dukan maɓalli kamar ana kiɗan kalangu don ɗan tsere ya yi sauri, sai Gradius a 1985, sai Contra a 1987. Duk a kan ma'auni ɗaya aka gina su: wasa ya yi daɗin da za a so a ci gaba, ya kuma yi wuyar da za a mutu cikin 'yan mintoci.

Sannan wasa ya shigo ɗaki. Kamfanin Nintendo ya fitar da Famicom, na'urar wasa ta gida, a 1983, lissafi ya sauya: mutum ya sayi kaset sau ɗaya, ya zama nasa, ko ya buga sau dubu ba ƙarin ko sisi. Akwai wani ɗan labari da ke nuna yadda tsarin biyu suka yi karo. A 1986 an ba wani ma'aikacin Konami, Kazuhisa Hashimoto, aikin mayar da Gradius zuwa na'urar gida. Wasan ya yi masa wuyar da ba ya iya kaiwa ƙarshe balle ya gwada aikinsa, sai ya saka wani ɓoyayyen tsarin danna maɓalli da zai ba shi makamai: sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A. Aka fitar da wasan ba a cire ba. A Contra na gida, wannan dannawar rai talatin take bayarwa maimakon uku. Waɗanda suka taso da na'urorin kwaikwayon Famicom da kasusuwanmu suka cika da su, da kaset ɗin nan mai iƙirarin wasa dubu a ciki alhali bai fi goma ba, sun san darajar wanda ya haddace ta a cikin yara. Wuyar da aka ƙirƙira don tatsar tsaba ta rasa amfani a gida, har wanda ya ƙera wasan ya nema wa kansa ƙofar baya.

Kamfanin ma ya iya neman ƙofar baya. A Amurka Nintendo ya ƙayyade wa kowane kamfani wasa biyar a shekara. Konami yana da fiye da haka a hannu, sai a 1988 ya buɗe wani reshe mai suna Ultra Games, ya riƙa fitar da ragowar da sunansa.

Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa tsakiyar 2000 ne zamanin da masoya ke kuka da shi idan sun ce "Konami na da." Kuma suna da hujja. Castlevania ya fito a 1986. A shekarar ce aka ɗauki wani saurayi mai burin shirya fim, Hideo Kojima, aka tura shi sashen kwamfutar MSX. Aka ba shi wasan yaƙi, amma na'urar ba ta iya nuna sojoji da harsasai da yawa a lokaci guda. Sai ya juya abin: maimakon ka yi harbi, ka ɓuya, ka lallaɓa, kada a gan ka. Haka aka haifi Metal Gear a 1987. Da PlayStation ta zo a 1994 da faifai, wanda ya fi kaset arha ya kuma fi shi ɗaukar kaya, sai ƙofa ta buɗe sosai: Suikoden a 1995, Metal Gear Solid a 1998, Silent Hill a 1999. Shi ma Silent Hill hazon da ya lulluɓe garinsa, wanda ya zama abin da ya fi firgita masu wasa, an saka shi ne tun farko don ya rufe gazawar na'urar wajen zana abin da ke nesa. Wannan halin na burge ni ƙwarai a ma'aikatan Konami na lokacin. Ba su da wadatar kayan aiki, sai suka mai da rashin ya zama salo.

Ƙwallon ƙafa ma haka. Winning Eleven ya fara a 1995, a 2001 aka raɗa masa Pro Evolution Soccer a Turai, mu kuma muka taƙaita shi zuwa PES. Abokin hamayyarsa, EA na Amurka, ya riga ya kama sunan FIFA tun 1993, ya kuma ɗaure gasar Firimiya ta Ingila da yarjejeniyar da ba ta bar wa kowa wuri ba. Sai Konami ya riƙa kewayawa: Manchester United ta zama Man Red, Chelsea ta zama London FC, Arsenal ta zama North London. A shagon Yaya akwai wani yaro da aikinsa ke nan, ya zauna da safe kafin mutane su taru yana gyara sunaye da riguna ɗaya bayan ɗaya yana adanawa a ɗan katin ajiya, ladansa zagaye biyu kyauta. Ba wanda ya damu da sunan bogi, domin ƙwallon ta ciki ta fi kama da ƙwallo. Tana da nauyi, tana kuɓucewa, tana bugun ƙafar mai tsaron baya ta karkace. Ba a cin ƙwallo biyu iri ɗaya. Ga kuma Master League, inda ake ba ka 'yan wasan da babu su a duniya, su Castolo da Minanda, ka yi ta fama da su kaka bayan kaka har ka tara abin sayen gwani ɗaya. Mutum ya biya kuɗin faifai sau ɗaya, ya samu abin da zai ɗauke masa hankali shekara guda.

To amma a daidai wannan lokacin da muke kallon allo, me Kozuki yake yi da kuɗin da ke shigowa? Nan ne masu cewa Konami ya sauya hali a 2015 suke tsallake shafi.

A 1997 da 1998 kamfanin ya fitar da Beatmania da Dance Dance Revolution, na'urorin kiɗa da rawa masu cin tsaba. Akwatin kiɗan 1969 ne ya dawo da sabuwar riga. A 1999 ya fara buga katunan Yu-Gi-Oh!, daga labarin zane na Kazuki Takahashi. Ana sayar da su a rufe cikin leda, mai saye bai san abin da ke ciki ba sai ya yage, in bai sami wanda yake nema ba ya ƙara saye. Zuwa 2009 kundin Guinness ya tabbatar an sayar da sama da kati biliyan 22. A 2000 ya sami lasisin ƙera na'urorin gidajen caca a jihar Nevada, reshensa na wannan harka yana Las Vegas har yanzu. A cikin Japan kuma ya shiga ƙera na'urorin wasan sa'a da ake kira pachislot, 'yan uwan pachinko, wata harka da doka ba ta kira ta caca ba saboda ba a ba mai nasara kuɗi a ciki, sai kyauta, wadda yake kaiwa wata taga a waje a musanya masa da kuɗi. A 2001 ya sayi kamfanin People mai gidajen motsa jiki, inda ake biyan kuɗi wata-wata. A 2006 aka sake fasalin kamfanin ya zama uwa mai riƙe da rassa. Wato tun PES na kan ganiyarsa, Konami ya riga ya dasa ƙafafunsa a wuraren da kuɗi ke ɗiga kullum.

Kuma in za a yi adalci, akwai dalili. Babban wasan bidiyo kasada ne ga mai shi: a shekara ana biyan albashi babu abin da ke shigowa, sannan a fitar a ga ko za a karɓa. Kozuki ya ga abin da ya sami maƙwabtansa. Sega ya daina ƙera na'urar wasa a 2001 bayan asara mai yawa. Square ya zuba dukiya a wani fim a shekarar, bai mayar ba, kuma a 2003 ya haɗe da Enix. Hudson Soft, mai Bomberman, ya shiga matsi har Konami ɗin ya saye shi, ya haɗiye shi gaba ɗaya a 2012. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wannan shi ne tunanin gidan.

Abubuwa biyu ne suka karya ma'aunin. Na farko zuwan PlayStation 3 a 2006. Hoto mai kaifi na buƙatar ɗaruruwan ma'aikata da shekaru, tsadar ƙera wasa ta ninka. Kamfanonin Japan da yawa sun yi tuntuɓe a nan, kuma PES na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Daga PES 2008 aka fara gunaguni, shi kuma EA ya gyara nasa wasan, sannan a 2009 ya ƙirƙiro Ultimate Team, inda ake sayen 'yan wasa a cikin ƙunshin da ba a san abin da ke ciki ba. Abin lura, dabarar katin leda ce da Konami ya riga ya ƙware a kanta, amma abokin hamayya ne ya fara kawo ta filin ƙwallo.

Na biyu ya faru a 2010, kuma a wajen Japan kusan ba wanda ya lura. Konami ya fitar da wani ɗan wasan wayar hannu mai suna Dragon Collection a GREE, wani dandalin wasannin waya na Japan. 'Yan mutane kaɗan ne suka yi shi, da kuɗi kaɗan. Shiga kyauta ne, amma in kana son dodo mai ƙarfi sai ka biya ka juya gacha, sunan da aka aro daga na'urorin bakin shago da yara ke jefa tsaba su murɗa, ƙwallon roba ya faɗo da abin wasa a ciki. Kuɗi suka riƙa shigowa kamar an ɓalle famfo. Harkar ta yi ƙamari a masana'antar har a 2012 hukumar kare masu saye ta Japan ta haramta wani nau'inta, wanda ake tilasta wa mutum haɗa jerin kaya kafin ya sami babbar kyauta. Amma asalin gacha ya tsira.

Yanzu ka sa kanka a kujerar mai kamfani. A hannun dama ga wasan waya da bai ci komai ba yana kawo riba kowane wata. A hannun hagu ga Kojima yana gina Metal Gear Solid V, shekara na bin shekara, kuma jaridar Nikkei ta ruwaito cewa kuɗin aikin ya haura yen biliyan 10, kimanin dala miliyan 80 a lokacin. Mutumin da ya fara da akwatin kiɗa ba zai daɗe yana tunani ba.

Sai 2015 ta zo da abubuwa a jere. A watan Maris aka fara goge sunan Kojima daga tallan wasansa. A Afrilu aka soke Silent Hills, wanda yake shiryawa tare da daraktan fim Guillermo del Toro da ɗan wasa Norman Reedus, aka kuma cire ɗan samfurinsa mai suna P.T. daga shagon PlayStation yadda ba a iya sake saukewa. A watan ne kamfanin ya janye hannun jarinsa daga kasuwar New York. Sabon shugaban sashen wasanni, Hideki Hayakawa, ya bayyana cewa wayar hannu ce za ta zama babban dandalinsu. Metal Gear Solid V ya fito ranar 1 ga Satumba, ya sha yabo. A Disamba, a bikin The Game Awards, wasan ya ci kyauta, mai gabatarwa Geoff Keighley ya faɗa wa duniya cewa lauyoyin Konami sun hana Kojima zuwa ya karɓa. Kafin watan ya ƙare Kojima ya kafa nasa kamfanin da goyon bayan Sony.

A nan nake raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Komawa ga waya shawara ce ta kasuwanci, kuma alƙaluma sun nuna ba ta faɗi ba. Amma yadda aka yi da mutane wani abu ne daban, riba ba ta wanke shi. Rahoton Nikkei na Agustan 2015 ya yi zargin cewa ana bin diddigin lokacin cin abincin ma'aikata, kuma waɗanda aka ga ba a buƙata ana mai da su gadi, ko shara a gidajen motsa jiki, ko aiki a masana'antar na'urorin pachislot. Mutumin da ya ba ka kusan shekara talatin, ya ɗaga sunanka a duniya, ko za ku rabu akwai yadda ake sallamar mutum da mutuncinsa. Cire P.T. kuwa ya fi ci mini rai, don aiki ne da aka gama, mutane na ƙaunarsa, ba ya cin kowa komai, aka rufe shi. Da aka zo 2016 aka ga an sabunta hotunan Metal Gear Solid 3 da kyau na ban mamaki, amma don a saka a na'urar pachislot, sai masoya suka ji kamar an zuba musu gishiri a gyambo.

Daga nan ne aka sami maganar da ta yaɗu cewa Konami ya zama kamfanin pachinko. Ba haka ba ne. Kaso mafi girma na cinikinsa daga sashen wasanni da katuna yake fitowa, nesa ba kusa ba. Abin da ya faru shi ne kuɗin sun koma inda na waje ba ya gani. Wasannin ƙwallon sanda (baseball) na waya, irin su Professional Baseball Spirits A da ya fito a 2015, suna cikin masu kawo kuɗi sosai a Japan, ƙasar da wannan wasan ke da matsayin da ƙwallon ƙafa ke da shi a wurinmu. Yu-Gi-Oh! ya shiga waya da Duel Links, sannan Master Duel a 2022. Momotaro Dentetsu, wasan jirgin ƙasa da aka gada daga Hudson, ya sayar da miliyoyi a cikin Japan bayan fitowarsa a 2020. Bature ko Bahaushe da ke jiran sabon Castlevania bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai ya ɗauka gidan ya mutu.

Mu abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne ƙwallo. A 2018 Konami ya rasa lasisin gasar Zakarun Turai bayan shekara goma, EA ya ɗauke. A 2021 ya ajiye sunan PES da Winning Eleven baki ɗaya, ya ce daga yanzu eFootball ne, kuma kyauta. Fitowarsa ranar 30 ga Satumba abin takaici ne: fuskokin 'yan wasa a murɗe, 'yan kallo kamar an yanka kwali, ƙungiyoyi 'yan ƙalilan, babu Master League. Ya zama cikin wasannin da suka fi shan suka a tarihin Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, kamfanin ya fito ya ba da haƙuri, sai a Afrilun 2022 aka sami cikakken gyara. Mutane da yawa suka ce ƙarshen ke nan. Amma ba talabijin Konami yake hari ba, aljihu yake hari, kuma can ya isa.

Ba zan raina alherin da ke cikin wannan ba. Yaron da iyayensa ba za su iya saya masa PlayStation 5 ba, da wayar Android da ɗan data zai kara da wani a Jakarta ko Alƙahira. A zamaninmu wannan mafarki ne. Bayan EA da hukumar FIFA sun raba gari, a 2024 FIFA ta ɗauki eFootball a gasarta ta duniya ta wasannin bidiyo, wato sunan da Konami ya shekara talatin yana kewayewa ya zo ya same shi har gida.

Sai dai akwai abin da na gani da idona. Ɗan yayata, ɗan sakandare, ya zo ya zauna kusa da ni da daddare yana murza waya. Ya ce, "Kawu, ka ɗan taimaka min da wani abu mana, zan sayi tsabar cikin wasa." Na ce me za ka yi da ita? Ya nuna mini hoton wani tsohon gwanin ɗan ƙwallo da aka saka a cikin wani ƙunshi na ɗan lokaci, da agogo a gefe yana raguwa. Na ce nawa ne kuɗinsa? Ya ce ai ba a sayensa kai tsaye, juyawa ake yi, ko ya fito ko kada ya fito. Ya riga ya zuba kuɗin makaranta na tara da ya tara, bai fito ba. "Kawu, wallahi ina ji a jikina wannan karon zai fito." Wannan jimlar ce ta tsaya mini a rai, domin na san inda ake jin irinta, kuma ba a filin ƙwallo ba ne.

Yaya yana karɓar kuɗinmu, amma mun san abin da muka saya: minti goma, babu ragi babu ƙari. Nan kuwa ana biya ne don a ga ko za a dace. Ƙasar Beljiyam ta duba irin wannan tsari a 2018 ta ce caca ne a dokarta, kuma Konami ya daina sayar da tsabar PES a can. Hukuncinsa a addini na malamai ne, kuma ya kamata a kai musu shi da cikakken bayanin yadda yake aiki, don da yawan iyaye gani suke yi yaro ƙwallo kawai yake bugawa. Kamfanin da ke da reshe a Las Vegas ya san sarai yadda ake sa hannu ya koma aljihu.

A 'yan shekarun nan Konami ya waiwayi manyan wasanninsa. An sabunta Silent Hill 2 a Oktoban 2024, ya sayar da sama da miliyan 2, amma kamfanin Bloober Team na ƙasar Folan ne ya yi aikin. A 2025 aka fitar da Metal Gear Solid Delta, sabuntar wasan 2004, da kuma Silent Hill f, wanda shi ma wani kamfani na waje ya ƙera. Tsarin a bayyane yake: Konami ya riƙe suna, ya ba wasu aiki, ya rage wa kansa kasada. Wasannin sun yi kyau, na kuma ji daɗin ganinsu. Amma rumbun da ake ɗiba wasu ne suka cika shi, kuma yawancinsu ba sa gidan. Koji Igarashi na Castlevania ya tafi a 2014, ya nemi tallafin masoya ta intanet suka tara masa sama da dala miliyan 5 ya yi nasa wasan. Kojima ya fitar da Death Stranding a 2019. Hashimoto mai sama-sama-ƙasa-ƙasa ya rasu a 2020. Yoshitaka Murayama, wanda ya ƙirƙiro Suikoden, ya rasu a Fabrairun 2024. Kozuki kuwa, wanda aka haifa a 1940, ya ga kamfaninsa ya haura shekara hamsin, kamfanin ya koma sabon gini a unguwar Ginza ta Tokyo, a 2022 kuma ya zama Konami Group.

Kwanakin baya na bi ta tsohon shagon Yaya. Talabijin ɗin babu su, yanzu cajin waya ake yi da sayar da data. Bencin na nan. Yara huɗu ne a kai, kowa ya sunkuya a kan tasa wayar, kafaɗa na gugar kafaɗa amma ba mai kara wa da na kusa da shi. Na tsaya na ɗan jima ina kallonsu. Ɗaya ya miƙe ya zaro kuɗi ya ce a sa masa data, ya koma ya zauna, ba wanda ya ce masa lokaci ya cika.